Wace irin shiga ta dace da zuwa Mas? Tambayoyin da ake yawan yi a Zariya

Na daɗe ina koyar da ajin katikisim a ɗaya daga cikin majami'un Katolika na Zariya, kuma da wuya wata ya wuce ba a tare ni da maganar suturar zuwa Mas, wato babbar ibadarmu ta Katolika, ba. Yau uwa ce take ƙorafin 'yarta ta ƙi ɗaura ɗankwali, gobe ɗaliba ce da ta zo karatu Samaru daga wata jiha ta tarar abin da ta saba sawa a garinsu a nan ana kallonta a kansa. Na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa. Inda amsar doka ce ta Ikilisiya zan faɗa, inda al'adar wurinmu ce zan faɗa, inda kuma ra'ayina ne ba zan ɓoye ba, don yawancin rigimar da ake yi a ƙofar coci daga cakuɗa waɗannan take tasowa.

Shin Ikilisiya tana da rubutacciyar doka kan kayan da za a sa?

Babu wani jerin kaya da aka rubuta wa dukan Katolikan duniya. Kundin dokokin Ikilisiya da ake aiki da shi yanzu, wanda Fafaroma John Paul na Biyu ya fitar a 1983, bai yi maganar tsawon siket ko faɗin hannun riga ba. Abin da muke da shi yana cikin Katikisim na 1992, littafin da ya tattara koyarwar bangaskiyar Katolika. Sakin layi na 1387, da yake maganar lokacin karɓar Jibi, wato gurasa da ruwan inabin da aka keɓe a Mas, ya ce halin jikinmu, wato motsinmu da tufafinmu, ya kamata ya nuna girmamawa da nauyin lokacin da kuma farin cikinsa, domin a lokacin ne Almasihu yake zama baƙonmu. A lura da farin cikin nan, mutane suna yawan tsallake shi. Ba zaman makoki muka je ba, don haka ado kansa ba laifi ba ne.

Sakin layi na 2524 kuma ya yarda cewa yadda ake nuna kunya da kamun kai yana bambanta daga wata al'umma zuwa wata. Shi ya sa aka bar sauran bayanin ga kowane wuri. Zariya ta zama dayosis, wato yanki mai nasa bishop, a ranar 5 ga Disamba 2000, da aka cire ta daga Kaduna. Marigayi Bishop George Dodo ne ya fara riƙe ta, Bishop Habila Daboh ya gaje shi. Bishop yana da ikon ba da umarni ga majami'un da ke ƙarƙashinsa, Fada kuma, wato firist ɗin da ke riƙe da coci, yana tsara abin da ya dace a nasa cocin. In an yi sanarwa a cocinku, a bi ta, ko da a wani gari ba haka ake yi ba.

Malam, dole ne mace ta rufe kanta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce zuwa, kuma amsarta tana da tarihi. A da doka ce. Tsohon kundin 1917, a doka ta 1262, ya ce mata su halarci ibada da kai a rufe da shiga ta mutunci, musamman in za su kusanci teburin Ubangiji. Tushen dokar shi ne maganar Manzo Bulus a wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korintiyawa, sura 11. A 1976 ofishin Vatikan mai kula da koyarwar bangaskiya ya bayyana cewa umarnin Bulus kan lulluɓi tsari ne na wancan zamani, ba ya cikin abubuwan da ke ɗaure mu har abada. Da sabon kundi ya zo a 1983 ya soke tsohon, kuma bai maimaita wannan doka ba. Saboda haka macen da ta shiga Mas kai a buɗe ba ta karya dokar Ikilisiya ta duniya ba, kuma bai kamata a gaya mata ta yi zunubi ba.

To amma nan Zariya ce. Kafin ki isa coci kin bi ta Kwangila ko Tudun Wada ko PZ, inda babbar mace ba ta cika fita kai a sake ba, Musulma ce ko Kirista. Iyayenmu na Zumuntar Mata ba su taɓa ajiye ɗankwali ba don an canza kundi a Roma. Da ma ba tsoron kundi ya sa suke ɗaurawa ba. A wurinsu cikar shiga ce, kamar yadda ba za ki je gaishe da surukai kai babu kallabi ba. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura. Ni shawarata ga 'yan matan da nake koyarwa ita ce su ɗaura, don ɗan ƙyalle ne mai araha wanda ke sa a zauna lafiya da iyaye, kuma yana da kyau a idon maƙwabtanmu da ke ganin fitowarmu ran Lahadi. Ɗankwali, gyale, ɗan siririn mayafi, hular mata, duk sun wadatar.

Abu ɗaya nake roƙo: goggoron da ya yi faɗin faifai, wanda zai hana na baya ganin bagade, wato teburin da ake yin Mas a kansa, a ajiye shi sai wajen liyafa.

Namiji fa? Na sa babbar riga, zan cire hula?

A cire. Na san yana da nauyi ga wanda ya tashi a ƙasar Hausa, inda babbar riga ko kaftani babu hula kamar shiga ce da ba ta ƙarasa ba, kuma inda tsayawa gaban manya kai babu hula ake ɗauka rashin ladabi ne. A coci abin juyawa yake yi. Bulus a wannan sura ta 11 ya ce namiji ya yi addu'a kai a buɗe, kuma Kiristoci sun daɗe suna ɗaukar cire hula a matsayin ƙanƙan da kai gaban wanda ya fi kowa. Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ita kanta tsohuwar doka ta 1917 ta bar ƙofa: ta ce maza su tsaya kai a buɗe sai dai in karɓaɓɓiyar al'adar mutanen wurin ta nuna akasin haka. Duk da wannan, abin da ya zauna a majami'unmu shi ne cirewa. Ka shigo da zanna bukar ɗinka ko ƙubenka har bakin ƙofa, ka cire ka ɗora a cinya ko ka sa a aljihu, in an tashi ka mayar.

Wasu samari sukan ce, ai ga Bishop can da hula. Ku duba da kyau ran da ya zo ibadar tabbatar da waɗanda aka yi wa baftisma. Doguwar hular yana cire ta duk lokacin da zai yi addu'a, ƙaramar ta tsakar kai kuma ana ɗauke ta kafin babbar addu'ar keɓe gurasa da ruwan inabi, ba ta komawa sai bayan an gama karɓar Jibi. Shi ma a gaban Jikin Almasihu kansa a buɗe yake.

Tsoho mai fama da sanyi a hunturu, ko mara lafiyan da ke rufe ciwo a kai, ba wanda zai matsa masa.

Haramun ne mace ta sa wando zuwa coci?

Babu dokar Ikilisiya ta duniya da ta hana. Masu hanawa sukan kawo Maimaitawar Shari'a 22:5, inda aka ce kada mace ta sa kayan maza. Amma wandon da aka ɗinka don mata ba kayan maza ba ne, kuma a zamanin da aka rubuta ayar maza da mata duk doguwar riga suke sawa. Matan Indiya da Pakistan Katolika suna zuwa Mas da riga da wando na al'adarsu, ba wanda ya ce sun yi laifi.

Matsalar da nake gani ba a sunan tufar take ba, a ɗinkin take. Wando mai sakewa da riga doguwa a kansa ya fi siket ɗin atamfa da tela ya matse har mai shi ba ta iya durƙusawa rufin asiri. A Mas muna tsayawa, mu zauna, mu durƙusa, mu rusuna, mu tako layin baiko don ba da kyautarmu, mu koma mu tako layin Jibi. Kafin ki fito gida, ki gwada durƙusawa da sunkuyawa a kayan. In sai kin riƙa jan siket ƙasa ko riƙe wuyan riga da hannu, kayan ba na coci ba ne. Sannan akwai majami'u a ƙasar nan da Fada ya roƙi mata su bar wando gaba ɗaya. In cocinku na cikinsu, kada ki mai da ƙofar coci wurin muhawara. Ki je ofis ran aiki ki yi magana da shi.

To ina iyakar? A gaya mana a fili.

Ma'aunin da ake amfani da shi a ƙofar babban cocin Waliyyi Bitrus da ke Roma mai sauƙi ne, kuma maza da mata duk ya shafa: kafaɗu a rufe, gwiwoyi a rufe. Ko daga wace ƙasa ka zo, in ba ka cika shi ba masu gadi za su tsayar da kai. A ƙara da ƙirji da baya da cibiya, a guji yadi shara-shara wanda ake ganin na ciki, da tsagar siket da ta haura gwiwa. Leshi mai manyan huji a sa masa shafi.

Ai Allah zuciya yake dubawa, ba riga ba. Me ya sa ake damunmu?

Gaskiya ne, kuma ayar tana nan a 1 Sama'ila 16:7. Amma a duba inda aka faɗe ta: Allah yana gargaɗin Sama'ila ne kada tsayi da kwarjinin babban ɗan Yesse su ruɗe shi. Ayar tana hana mu yanke wa wani hukunci da abin da ido ya gani. Ba ta ce abin da muka zaɓa muka sa ba ya faɗin komai game da mu ba. Labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda aka kira fadar Sarkin Zazzau ba zai tafi da singileti ba, kuma ba sai an karanta masa doka ba. Sanin wanda zai gani ne ke zaɓar masa riga. Mu Katolika mun gaskata cewa wanda ke kan bagade Yesu ne da kansa, ba alamarsa ba. In na gaskata haka da gaske, hannuna zai san abin da zai ɗauko daga akwati.

Akwai kuma misalin da Yesu ya bayar a Matiyu 22, na mutumin da ya shiga bikin ɗan sarki babu rigar biki. Kada a yi amfani da shi a tsorata yara. Manyan malaman Ikilisiya irin su Agustin da Giregori Babba sun fassara rigar nan da ƙauna, ba da yadi ba. Mai shadda mai maiƙo da ke gaba da ɗan'uwansa shi ne ya shigo babu rigar biki.

Ba ni da kayan kirki, sai gwanjo kala biyu. In zauna a gida?

A'a, ka zo. Wannan tambayar ita ce ta fi taɓa ni, don na san masu yin ta a zuci sun fi masu furta ta yawa. Wasiƙar Yakubu sura 2 kamar da mu take: mutum ya shigo taro da zoben zinariya da tufafi masu ƙawa aka ce masa zauna nan wuri mai kyau, matalauci ya shigo da tsummoki aka ce tsaya can ko zauna a ƙasa. Yakubu ya kira wannan mugun hukunci. Rigar gwanjo daga kasuwar Sabon Gari, in an wanke ta an goge, ta cika duk abin da Katikisim ya nema. Tsafta cikon addini ce, tsada ba ta ciki.

A nan ina da ƙorafi a kanmu. Anko ya yi yawa. Na bikin godiyar kaka daban, na ranar iyaye mata daban, na ƙungiya daban, na aure da na jana'iza kuma ga su nan. Kayan ƙungiya abu ne mai kyau. Ganin Zumuntar Mata sun jero da zane iri ɗaya suna waƙa yana faranta rai, kuma yana rufe bambancin mai shi da mara shi. Amma in ya kai gwauruwa tana cin bashi don ta sayi atamfa, ko tana fashin Mas ran da aka ce kowa ya sa anko, to abin ya juya ya zama kishiyar manufarsa. Shugabannin ƙungiyoyi su riƙa sayen 'yan turame na ƙari a asirce don irin waɗannan, kuma kada a ci tarar wanda bai samu ba. Bulus ya gaya wa Timoti cewa adon mace mai ibada kyawawan ayyuka ne, ba zinariya da tufafi masu tsada ba.

Kullum mata ake wa faɗa. Maza ba su da laifi ne?

Suna da shi, kuma rashin adalci ne yadda ake kau da kai. Gajeren wando, singileti, wandon da ya zazzago har ana ganin na ciki, jins da aka yayyaga da gangan, riga a buɗe har ƙirji, duk ba su dace ba. Rigar ƙwallo ma ban so ta a Mas na Lahadi, don wanda ke bayanka suna da lamba zai yi ta karantawa. Haka tishat mai rubutun banza ko tallar giya.

Wanda ya fi waɗannan haɗari shi ne kayan siyasa. Lokacin zaɓe ana raba atamfa da huluna masu hoton ɗan takara. A sa su a wajen gangami. A benci ɗaya akwai 'yan jam'iyyu daban-daban, kuma za su miƙa wa juna hannun salama.

Ana cire takalmi kamar a masallaci?

Ba a cirewa a cocin Katolika irin namu, ko da yake Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar suna cirewa, suna tuna abin da aka gaya wa Musa a gaban kurmi mai cin wuta. A wurinmu Fada yakan iya cire nasa ran Jumma'ar mutuwar Ubangiji in zai je gaida gicciye. Silifas ɗin wanka a bar shi a gida in akwai wani. In shi kaɗai ne, a wanke shi a zo. Mai dogon dunduniya ta tuna ƙarar takunta lokacin da coci ya yi tsit.

Dole ne kayana su bi launin da Fada ya sa?

Ba dole ba. Launukan na bagade ne da masu hidima: kore a yawancin Lahadin shekara, shunayya a makonnin jiran Kirsimeti da lokacin azumi, fari a Kirsimeti da Ista, ja a Lahadin ganyen dabino da Jumma'ar gicciye da Fentikos da ranakun shahidai. Mai sha'awar dacewa da su ya yi. Farin da ke da ma'ana ta musamman ga kowa shi ne na baftisma, wanda ake ba sabon Kirista alamar ya yafa Almasihu. Daga nan ne farin kayan masu karɓar Jibi na farko ya samo asali.

Ni mai karatu ce a Mas, wani lokaci kuma ina cikin ƙungiyar mawaƙa. Akwai ƙarin abin da ake nema?

Akwai. Wanda ya hau wurin karatu idon coci gaba ɗaya na kansa, kuma aikinsa shi ne a ji Maganar Allah a manta da shi. Duk abin da zai ja ido, a rage: awarwaro masu ƙara kusa da makirfo, kwalliya mai walƙiya, turare mai hawa kai. Masu kai baiko gaban bagade da masu karɓar kuɗi su ma haka.

Aurena ya kusa. Yaya batun rigar amarya, da kuma 'yan'uwanmu Musulmi da za su zo?

Ki kai wa Fada ko matar da ke kula da masu shirin aure hoton ɗinkin tun kafin tela ya sa almakashi. Yawancin rigunan da ake gani a waya an yi su ne don ɗakin liyafa, kafaɗa da baya a waje. Ƙaramar riga ta sama ko mayafi mai kauri yana gyara wannan, in an fita a cire. Ƙawayen amarya su ma a gaya musu da wuri, don sau da yawa amarya ta shirya tsaf, matsalar daga jerin ƙawaye take fitowa.

Baƙi Musulmi kuwa, a Zariya da wuya a yi auren da babu su, abokan aiki ne ko maƙwabta ko dangi na jini. Hajiya ta zo da hijabinta, shigarta ta riga ta cika. Alhaji in ya bar hularsa a kai, ni ban ga dalilin tsayar da shi ba. A al'adarsa girmamawa ce yake yi, kuma ya taka ƙafa ya zo don zumunci. Abin da ya kamata a sanar da baƙi tun a gida shi ne binciken ƙofa. Tun harin da aka kai babban cocin Kristi Sarki da ke Sabon Gari a ranar 17 ga Yuni 2012, ba a wasa da tsaro. Ana iya duba jaka, ana iya hana shiga da babba, mai rufe fuska kuma ana iya roƙonta ta buɗe wa mace 'yar'uwarta. Kowa ake yi wa, ba baƙo kaɗai ba. A kuma gaya musu cikin ladabi cewa layin Jibi na Katolikan da suka shirya ne, su zauna abinsu a lokacin.

Zafin Maris da Afrilu fa? Ko in na taso daga wurin aiki?

Zafin bazara a Zariya ba wasa ba ne, balle coci ya cika kuma babu wuta. Maganinsa yadin auduga mai sakewa, ba rage tufa ba. Kakanninmu da suka ƙirƙiro riga mai faɗi sun san garin da suke ciki. A hunturu kuma Mas na asuba sai da rigar sanyi, yara a sa musu safa.

Ma'aikaciyar jinya da ta kwana aiki a Shika, soja daga bariki, makanike, mai tuƙa keke, ɗalibin da ya fito daga ɗakin gwaji: in zaɓin shi ne ka zo da kayan aiki ko ka rasa Mas, ka zo da kayan aiki. Ka wanke hannu da fuska ka shigo.

Za a iya korar mutum daga coci ko a hana shi Jibi saboda shigarsa?

Doka ta 912 a kundin 1983 ta ce duk wanda aka yi wa baftisma, in ba doka ce ta hana shi ba, ana iya ba shi Jibi kuma dole a ba shi. Hana mutum Jibi babban al'amari ne, ba hukuncin mai tsaron ƙofa ba ne, ba na shugabar ƙungiya ba ne, ba nawa ba ne. Fada yana da hakkin kiyaye martabar wurin ibada, kuma in shiga ta wuce gona da iri zai iya sa a yi wa mutum magana. Yadda ake maganar shi ne inda muke yawan faɗuwa.

Na taɓa ganin an tsayar da wata yarinya, sabuwar ɗaliba, a bakin ƙofa saboda rigarta ba ta da hannu. Da ƙarfi aka yi mata magana, mutane suna wucewa suna kallo. Ta juya ta tafi. Ina tsaye a wurin ban ce komai ba, kuma abin yana damuna har yau. Sai bayan fiye da shekara na sake haɗuwa da ita a kasuwar Samaru, ta ce mini tun ranar ba ta ƙara taka cocin Katolika ba. A garinsu haka take zuwa Mas, ba wanda ya taɓa gaya mata a nan dabam ne.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma sai an iya faɗinsa. Abin da nake roƙon masu tsaron ƙofa shi ne su ajiye gyale huɗu ko biyar da zannuwa biyu masu tsafta a cikin jaka. Mace ce za ta je wa mace, namiji ya je wa namiji. A fara da sannu da zuwa, a ja mutum gefe inda ba mai ji, a ce, "'Yata, ga wannan ki yafa, in an tashi sai ki dawo mini da shi." In ta ƙi karɓa, a bar ta ta shiga ta ji Mas, a nemi sunanta da unguwarsu, cikin mako wata uwa daga Zumunta ta je ta gaishe ta.